Ƙwayar Safe da Agwagin Oddny

Jirgin fiton da ke tashi daga ƙauyenmu da safiyar Talata, ma'aikatansa sun raɗa masa suna jirgin tsofaffi, kuma ba su yi ƙarya ba. Ranar ce asibitin gari ke duba masu yawan shekaru. Za ka gan mu muna hawa ɗaya bayan ɗaya, wannan da sanda, wancan da keken da ake dafawa ana turawa, kowa da 'yar jakar magani a aljihun rigar sanyi, muna gaisawa da ka kamar shanun da suka saba da mashaya ɗaya.

A ɗakin jira ba a tambayar mutum lafiyarsa, don amsar ɗaya ce a bakin kowa: "Ana nan dai." Abin da ake tambaya shi ne, "Yau wace ƙofa?" Akwai ƙofar zuciya da hawan jini, wadda ta fi kowace cika. Akwai ta ciwon sukari, inda ake sa mutum ya cire safa a duba masa yatsun ƙafa. Ta ƙarshen baranda ta masu yanar ido ce, sukan fito da ido ɗaya a rufe suna laluben bango. Masu amosanin gaɓɓai ba sai sun faɗa ba, tun daga yadda suke zama ake gane su. Akwai kuma wata ƙofa da ba ma son ambatonta, wadda 'ya'ya ke riƙe hannun iyayensu su shiga da su, don tsohon ya fara manta hanyar gidansa. Ni tawa hawan jini ne, sai ido da ya soma hazo. Na daɗe ina zama a kan waɗannan kujeru, har na gane cewa tsufa baƙo ne mai tafe da iyalinsa.

A nan na san Oddny sosai, ko da yake tun muna yara nake ganinta a coci. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta da jiki, amma hannuwanta kamar an aro su daga wani ƙaton masunci: faffaɗa, duk tsaga, yatsun sun lanƙwashe saboda amosani. Takan ɗora su a cinya ta zauna ba motsi. Ban taɓa ganin ɗan Adam da ya iya zama shiru kamarta ba. Mu in mun yi shiru, jira muke yi. Ita shirunta aiki ne, ta koye shi kamar yadda ake koyon saƙa.

A Flesa aka haife ta, wani tsibiri can bakin babban teku, inda babu itace ko ɗaya, babu hanya, sai dutse da ciyawa da iska. Da akwai gidaje a wurin. Mutane suka yi ta watsewa, mijinta ya rasu, 'yarta Rigmor ta tafi kudu tun tana budurwa ta samu aikin ofis. Oddny ma ta dawo cikinmu tana yin hunturu a ƙauye. Amma da zarar ƙanƙara ta fara narkewa, sai ta ɗaure kayanta ta koma Flesa ita kaɗai, saboda agwagin teku.

Agwagin nan ba na kowa ba ne. Duk shekara suna can cikin taguwar ruwa, ba mai kiran su su zo, ba mai ba su ko ƙwayar hatsi. Amma in lokacin yin ƙwai ya yi, sai matan su fito tudu su nemi mutum. Kakar Oddny da uwarta sun yi musu hidima, ita ma ta gada. Takan yanko ciyawar teku ta shanya a kan duwatsu, ta gyara 'yan ɗakunan da aka gina musu da dutse da katakon da ruwa ya kawo, ta shimfiɗa ciyawar a ciki ta lotsa tsakiyarta da hannu. Sai agwagwa ta zo ta leƙa, ta juya, ta koma ruwa, gobe ta sake dawowa, kamar mai neman gidan haya. In wurin ya yi mata, ta zauna. Ta sa baki ta fige laushin gashin ƙirjinta ta lulluɓe ƙwanta da shi, ta kwanta a kai kusan wata guda ba ta cin abin kirki. Oddny na tsaron ta daga hankaka da gaggafa. In 'ya'ya sun ƙyanƙyashe, uwa ta ja su zuwa ruwa, ta bar gashin a baya. Shi ne ladan mai gida. Da shi ake cusa barguna.

Ta taɓa kawo mini dunƙule ɗaya a ɗakin jira. Ta ce in rufe ido in buɗe tafukana biyu, sannan in faɗi wanne ta ɗora wa. Ban ji nauyin komai ba. Can sai na ji ɗumi yana tsirowa a tafin hagu, kamar wani abu mai rai yana numfashi a ciki. Na daɗe ban buɗe idon ba.

Sai dai aikin yana da doka mai tsanani. A makonnin da agwagin ke neman wuri, da sassafe suke fitowa, kuma abu kaɗan ke korar su. Ba a hura wuta, kada su ga hayaƙi. Ba a buɗe ƙofa. Ba a taka daɓen katako da ƙarfi, don wasu a ƙarƙashin gidan suke kwanciya. Mai gida ya zauna a bakin gado har rana ta ɗaga sosai. Agwagwar da aka firgita a wannan lokaci ba ta dawowa, 'ya'yanta ma ba za su san wurin ba.

Zuciyar Oddny ta raunana shekarun baya. Aka ɗora ta a kan magunguna, har da 'yar ƙwayar nan da ke fitar da ruwa daga jiki. Duk hunturu tana lafiya lau. Amma kowace bazara sai ta dawo daga Flesa ƙafafu sun kumbura kamar turame, tana haki. Bara abin ya yi muni, sai da jirgin agaji ya je ya ɗauko ta, ruwa ya taru mata a huhu. Likita Moen, wata matashiya mai haƙuri da ke duba masu ciwon zuciya, ta ce ga alama maganin ya daina riƙe zuciyar in ana aikin wahala. Ta ce za ta sake duba ta kafin bazara, amma kada ta sa rai da Flesa.

Ranar da za a yanke maganar, Rigmor ta zo takanas daga kudu. Mace ce doguwa mai saurin tafiya, ita ma furfura ta fara fito mata. Ta riga ta nema wa uwarta ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Ta zaunar da ita kusa da ni, ta tafi sayo kofi.

Sai ga Jentoft yana ɗingishi. Jentoft ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jiragen kamun kifi, injuna suka cinye masa kunne, sukari ya cinye masa yatsu biyu na ƙafa, amma bakin yana nan daram. Da yake ba ya ji, in zai yi raɗa ma har masu gadi sai sun ji.

"Kai mai waƙa, matsa can, ba ni kusa da banɗaki," ya ce da ni, don haka ya saba kirana. "Tun da sassafe na haɗiyi ƙwayar nan, ga ta nan ta fara ƙwanƙwasa ƙofa." Ya zauna da nishi, ya leƙo Oddny. "A'a, uwar agwagi! Yau ne shari'arki?"

"Rage murya, tsohon inji," in ji ta. "Ba a cikin jirgi kake ba."

"Me?"

"Na ce ka rage murya!"

"Ai ita nake faɗa miki. Ba irin tawa suka ba ki ba? 'Yar farar nan mai tsaga a tsakiya? Wallahi wanda ya ƙirƙiro ta ba ya ƙaunar tsofaffi. Kafin rana ta yi tsaka na yi sawu ya fi a ƙirga. Jiya ma a bayan motar fasto na tsaya."

Wata tsohuwa mai ido ɗaya a rufe ta tuntsire da dariya. Jentoft ya ga ya samu kasuwa.

"To ke yaya kike yi a Flesa? Na san wurin, na taɓa kai miki tukunyar gas. Banɗakinki yana can ƙarshen dutse, hanyar duk sheƙa ce dama da hagu. Tari ɗaya na yi kika kusa jefa ni a ruwa. Ko agwagin ne suke ba ki izini? Ki ce, ranki ya daɗe, a ɗan ba ni hanya?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Oddny ba ta yi ba. Jini ya hau mata fuska tun daga wuya har goshi, ta kafa wa tagar da ke kallon tashar jiragen ido. Jentoft ya dube ta, dariyar ta mutu a bakinsa. Kurma ne, amma ya iya sauraren fuska.

"Oddny," ya ce, da muryar da yake zaton ƙasa-ƙasa ce. "Ba kya sha. In kin je can, ba kya sha."

Rigmor na tsaye a bayansa da kofi biyu a hannu. Ta ajiye kofunan a kan taga a hankali, kamar masu fashewa. A daidai nan aka kira sunan uwarta.

Sun daɗe a ciki. Da suka fito ba wadda ta kalli wata. Sai a jirgin komawa muka ji yadda aka yi. Rigmor ta zauna can nesa tana kallon ruwa, mu uku muka haɗu a teburin da ke kusa da na'urar ɗumama ɗaki.

"Kai ka tona ni, to ka ji sauran," Oddny ta ce da Jentoft, ta matso da bakinta kusa da kunnensa mai ɗan sauƙi. "An ce mini a sha da safe. Da safe kuwa ba na motsi. In na sha, ko in fita in kore su, ko in yi ta zirga-zirga a kan daɓe, akwai wadda ke kwance daidai ƙarƙashin murhu. Shi ya sa nake ajiye ta har su zauna."

"Ba ki da bokiti ne?"

"Bokiti a ɗakin da nake cin abinci? Uwata ba ta yi ba."

"To me ya hana ki sha da rana?" na tambaya.

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata. "An ce da safe, Edvin. Ni in an ba ni umarni, ko in bi shi yadda yake ko in bar shi. Ba na gyara wa likita aikinsa."

"Ai sai ki tambaya!"

"In zauna gaban yarinyar da na girmi kakarta in kwance mata zancen fitsari? Gara ta ɗauka zuciyar ce ta ƙare."

Jentoft ya riƙe haɓa. "Kin ji ta. Gara a binne ta da mutuncinta."

Na yi ta kallonta ina mamaki. Mace ce da ta san ruwa na hawa jikinta kowace safiya, tun daga idon sawu har gwiwa, har ƙirji, kamar yadda teku ke cika. Ta san sunan abin, ta san maganinsa yana kan kanta, taku biyu daga gadonta. Amma ta zauna shiru tana jan numfashi da ƙyar, don wata tsuntsuwa da ba tata ba ta samu natsuwar zaɓen ɗaki. Wauta ce, ba shakka. Sai dai na rayu da yawa ban ga wauta mai irin wannan girman ba.

"To me likitar ta ce?" in ji Jentoft.

"Ta ajiye alƙalami ta daɗe tana kallona. Na ce yau zan sha faɗa. Sai ta ce, Oddny, yaushe agwagin ke barin ki fita? Na ce in rana ta yi tsaka. Ta ce to ki sha a lokacin." Ta buɗe hannuwa. "Shi ke nan. Ashe ƙwayar ba ta san agogo ba."

"To ai kin ci shari'a!"

"Da saura. Ta ce abin bara ya bar tabo a zuciyar. Ba zan zauna ni kaɗai ba. Sai da wani a gidan, mai ɗora ni a sikeli kullum, in nauyi ya fara hawa ya kira jirgi. In babu, babu Flesa."

"Ga ni!" Jentoft ya bugi ƙirji.

"Kai? Munsharinka kaɗai ya isa ya kore su har bayan teku."

Muka yi dariya, amma gajeriya. Kowa ya san babu mai iya zaman nan. Matasanmu ba sa iya rabin sa'a ba su taɓa waya ba, tsofaffinmu kowa da ƙofarsa ranar Talata. Jirgin ya wuce fitilar bakin mashigi. Oddny ta mai da hannuwanta cinya.

Sai Rigmor ta taso ta tsaya a kanmu. Idanunta sun yi ja.

"Na tsani Flesa, Mama," ta ce. "Kin sani?"

"Na sani."

"Ina yarinya kika hana ni dariya da safe. Kika hana ni gudu. In na yi atishawa sai ki harare ni. Na sha zama a gado cikin sanyi ina riƙe fitsari har in yi kuka, kukan ma a cikin matashi. Na ce a raina kin fi son su da ni."

Oddny ta ɗago ta dube ta. Injin jirgi na ta gurnani a ƙarƙashinmu.

"Su wata guda suke nema a wurina," ta ce. "Ke na ɗauka kin san sauran watannin duka naki ne. Ban faɗa miki ba. Mu ba a koya mana faɗa ba."

Rigmor ta juya ta kalli taga. Na ɗauka tafiya za ta yi. Can ta ja hanci ta ce, "Zan nemi hutu a wurin aiki. Bana kaɗai. Kuma ƙwayar a aljihuna za ta zauna, ba a naki ba."

"Me ta ce?" in ji Jentoft.

"Ta ce ka yi shiru," in ji Oddny.

Ban sake ganin su ba sai tsakiyar bazara, da na bi ƙaramin jirgin da ke kai musu kayan abinci. Matuƙin ya kashe inji tun daga nesa, muka ƙarasa da filafili. Teku kwance kamar an shafe shi da hannu. Flesa ta taso daga ruwa, ƙasa-ƙasa, kore da toka, ga gidan guda ɗaya fari a tsakiya, ga 'yan ɗakunan agwagi birjik kewaye da shi kamar wani ƙauye na aljanu. Ko ina ka duba, a cikin duhun kowace 'yar ƙofa, akwai ido ɗaya baƙi yana kallonka ba ƙiftawa.

Rigmor ce ta kama igiya. Rana ta ƙona mata fuska, kuma tafiyarta ta canza, tana ɗaga ƙafa tana saukewa kamar mai taka ruwa. Da raɗa ta gaishe ni. Ta ce ƙafafun uwar ba su kumbura ba, har takalmanta sun yi mata yawa, sai dai kullum sai sun yi rigima a kan sikeli, don Oddny ta ce ita ba buhun dankali ba ce. Amma durƙuso ya gagare ta. In ta sunkuya numfashi ya ɗauke, gwiwoyin kuma sun ƙi.

Mun same ta zaune a kan dutse kusa da wani tsohon kwalekwale da aka kife. A ƙarƙashinsa wata agwagwa ke kwance, wadda Oddny ta ce ta fi kowace daɗewa tana zuwa. Lokacin ƙyanƙyasarta ya yi, ana so a taɓa a ji ko ƙwan suna da rai, kuma hannun da ta sani ba ya iya kaiwa.

"Durƙusa," ta ce da 'yarta. "Kada ki kalle ta a ido. Hannun ya bi ƙasa."

"Za ta sare ni, Mama."

"To ta sare ki mana. Ke ba ki taɓa cizona ba?"

Rigmor ta durƙusa a kan ciyawa. Oddny ta fara yi wa tsuntsuwar magana, wata irin murya da ban taɓa ji daga bakinta ba, mai taushi, tana tashi tana sauka. "Haba tsohuwa, haba. Ni ce dai. Wannan tawa ce, ba baƙuwa ba ce. A nan aka haife ta kamar naki." Agwagwar ta miƙa wuya ta hura iska, ta kai wa hannun sara sau ɗaya. Rigmor ba ta janye ba. Iska ta kwanta. Sai tsuntsuwar nan ta daji, wadda ta san guguwar hunturu da haƙoran teku, ta ɗan ɗaga ƙirjinta kaɗan, kamar mai gyara zama don baƙo ya samu wuri, hannun ya shige ƙarƙashinta har wuyan hannu.

Na ga fuskar Rigmor ta sake. Bakinta ya buɗe.

"Mama," ta ce da raɗa. "Yana motsi. Yana ƙwanƙwasawa daga ciki."

"To zare hannun a hankali. Ki mai da mata gashin yadda kika same shi."

Ta zare. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallon tafin hannunta, wani ɗan gashi ya maƙale a yatsanta yana rawa. Mun daɗe a haka, mu uku da tsuntsuwar. Can ƙasa a bakin ruwa wata uwa ta riga ta fito da nata, suna biye da ita a jere, 'yan dunƙule-dunƙule baƙaƙe, taguwa na ɗaga su tana saukewa.

"Baɗi ma nan za ta dawo?" Rigmor ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"In ta tarar an gyara mata."

Rigmor ta hure gashin daga yatsanta, ta bi shi da kallo har iska ta tafi da shi.

"Ciyawar shimfiɗar," ta ce, "a wane wata ake fara yankanta?"